Tagar Landan da Dajin Sapele

A gabashin Landan, a unguwar Spitalfields, akwai wani gajeren titi mai suna Fournier. A bakinsa ta gabas masallacin Brick Lane yake, ginin da aka yi a 1743 domin ya zama cocin Faransawa 'yan gudun hijira, daga baya ya zama wurin ibadar Yahudawa, sannan ya koma masallaci a 1976. Gidajen da ke jere a titin sun ɗan girme shi, domin yawancinsu a shekarun 1720 aka gina su don attajiran da ke harkar saƙar siliki. Duk wanda ya ɗaga kai zai ga dogayen tagogi na katako, kowace an raba ta biyu, sama da ƙasa, kowane rabi da ƙananan gilasai a cikinsa. A irin waɗannan tsofaffin tituna na Landan da Bath da Edinburgh, ba abin mamaki ba ne a tarar da taga wadda katakonta ya haura shekara 200 kuma har yau tana buɗewa tana rufewa, a ƙasar da ruwan sama ba shi da damina ba shi da rani. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, tagogin katako da yawa da aka sa wa gidajen Birtaniya a shekarun 1960 sun ruɓe tun masu gidan ba su gama biyan bashin gidan ba.

Tarihin wannan taga daga gobara ya faro. A watan Satumba na 1666 wuta ta cinye tsakiyar Landan, ta ƙone gidaje sama da 13,000. Dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta a yi gini da jan bulo ko dutse, sai katako ya rage a rufi da ƙofa da taga. A daidai wannan lokaci ne sabuwar taga ta bayyana, wadda Turawan Ingila suke kira sash. Maimakon a tura ta waje kamar ƙofa, ɗaga ta ake yi sama ko a sauke ta ƙasa. A cikin firam ɗin, hagu da dama, akwai wani siririn akwati da ba a gani, inda aka rataye curin dalma ko ƙarfe da igiya, igiyar ta bi ta kan ƙaramin wili ta kama tagar. Nauyin curin daidai yake da nauyin tagar, don haka yatsa biyu sun isa su ɗaga ta, kuma inda aka sake ta nan za ta tsaya. Daga cikin mafiya daɗewa da suka rage akwai na gidan Ham House, na shekarun 1670. Da aka sa irinta a fadojin sarauta na Hampton Court da Kensington, sai kowane mai hali ya ce shi ma ita yake so.

Hukuma ba ta manta da gobarar ba. Dokar gini ta 1709 ta ce a tura firam ɗin taga ciki da inci 4 daga fuskar bango, kada harshen wuta ya lashe shi daga titi. Ta 1774 ta ƙara da cewa a ɓoye akwatin curin gaba ɗaya a bayan bulo. Don wuta aka yi dokokin, amma ruwa suka fi hanawa, domin katakon da ya shige cikin bango ba ya shan dukan ruwan sama kamar wanda ke fuska. Haraji ma ya taɓa siffar tagar. Daga 1696 aka fara karɓar harajin taga: sule 2 a kan kowane gida, ƙarin sule 4 ga mai taga 10 zuwa 20, ƙarin sule 8 ga wanda ya haura haka. Mutane suka riƙa toshe tagoginsu da bulo, likitoci suka yi ta kukan duhu da rashin iska a gidajen talakawa, ba a soke harajin ba sai a 1851.

Sai dai doka da haraji siffa kawai suka bai wa tagar. Tsawon ranta daga itacen yake, kuma a nan akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Masu sana'ar katako a Turai sun raba itatuwa gida biyu, “masu tauri” da “masu laushi”, amma rabon na ilimin tsirrai ne. Masu tauri su ne itatuwa masu fure da faɗin ganye, irin su ok na Turai, da tik na Asiya, da maɗaci da ƙirya na yankin Sudan. Masu laushi su ne dangin fayin, masu ganye kamar allura. Balsa, wanda yaro zai iya lotsa shi da farce, a cikin masu tauri ake lissafa shi. Abin da ke hana katako ruɓewa yana cikin zuciyar itacen. Idan aka yanka gungume, za a ga tsakiyarsa ta fi duhu, gefen da ke bin ɓawo kuma fari-fari. Farin shi ne sashen da ke da rai, mai ɗauke da ruwa da abincin itacen, kuma ko na wane irin itace ne, funfuna da ƙwari ba sa wahalar cinsa. Tsakiyar kuwa ta riga ta mutu, itacen ya cika ta da sinadarai masu ɗaci ko mai ko ƙaro, waɗanda ke korar maɓarnata. Tsohon itace shi ke da zuciya mai faɗi. Maginin gargajiya na Kano ko Zariya da ke zaɓar azarar tsohuwar giginya ya san wannan hukunci, illa dai abokin gabarsa gara ce, na kafintan Landan kuma danshi. Funfunar da ke ruɓar da katako ba ta kama aiki sai ruwan da ke jikinsa ya haura kimanin kashi 20 cikin 100. Katakon da ya jiƙe ya bushe da wuri zai iya kai ƙarni uku.

Tagogin farko da ok aka yi su, amma ba a daɗe ba aka koma ga jan fayin, wanda yake cikin “masu laushi”. Jiragen ruwa ne ke kawo shi daga Norway da tashoshin Tekun Baltik irin su Riga da Memel da Danzig. A can, sanyi ba ya barin itace ya yi girma sai na 'yan watanni a shekara, don haka zobban shekarunsa suna matse da juna, kuma gungumen da aka sare daga dajin da ba a taɓa shiga ba kusan duk zuciya ne mai cike da ƙaro. Kafinta yana iya yar da farin gefen ba tare da ya ji asara ba. Wato tagar da ake yi wa kirari da ta Ingila, tun ranar farko ba daga dajin Ingila ta fito ba.

Dalili kuwa shi ne Ingila ta riga ta ci nata dajin. Noma ya ci, ƙira ta ci, rundunar jiragen ruwa ta ci mafi kyawunsa. Tun a 1664 John Evelyn ya wallafa littafinsa Sylva yana roƙon masu filaye su dasa itatuwa, saboda damuwar da sojan ruwa ke nunawa kan ƙarancin ok. Jirgin yaƙi guda, HMS Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765, ya ci itatuwa kimanin 6,000. Evelyn ya samu masu karatu, wasu ma sun dasa, amma ƙasa mai jiragen ruwa da kuɗi tana da hanya mafi sauƙi daga jiran itace ya yi shekara 100, wato ta saye na wani. A Jamus abin ya bambanta. Hans Carl von Carlowitz, jami'in da ke kula da ma'adinan azurfa a Freiberg ta yankin Saxony, ba shi da teku ba shi da mulkin mallaka, ma'adinansa kuma ba sa aiki sai da gungumen tokare rami da gawayin narka ƙarfe. A littafinsa na 1713 ya kafa ƙa'idar da a yau duniya ke kira amfani mai ɗorewa: kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Daga wannan tushe Jamusawa suka gina ilimin gandun daji, na auna itatuwa, da raba daji kashi-kashi, da sare kashi ɗaya a shekara har a zagayo.

Ingila kuwa ta ci gaba da miƙa hannu. A 1721 majalisa ta cire haraji daga katakon da ake kawowa daga yankunanta na nahiyar Amurka, sai mahogani na Jamaika ya cika kasuwar Landan. Itace ne da ba ya motsi sosai idan yanayi ya sauya, ba ya ruɓewa da wuri, kuma ana iya fere shi siriri ba tare da ya karye ba, shi ya sa manyan gidaje suka yi sandunan taga da shi. Bayi 'yan Afirka ne suka sare shi, suka ja shi zuwa bakin ruwa, a Jamaika da kuma gaɓar Honduras, inda ƙasar Belize take a yau. Da Napoleon ya toshe wa Birtaniya kasuwannin Turai daga 1806, sai aka juya ga dazuzzukan Kanada. Da aka buƙaci tik, sai Indiya da Burma. A can ne Birtaniya ta ga cewa ko dajin mallaka yana iya ƙarewa, ta ɗauko Bajamushe, Dietrich Brandis, wanda ya fara aiki a dazuzzukan tik na Burma a 1856, ya zama babban sufeton gandun daji na Indiya a 1864. Darasin Carlowitz ya shigo daular Birtaniya ta ƙofar baya, bayan shekara 150.

Kafin a bi wannan hanya zuwa Najeriya, sai an tsaya a kan fenti, domin rabin sirrin tsohuwar taga a nan yake. Fentin ƙarni na 18 da na 19 haɗin abu biyu ne: man linsid, wanda ake tatsa daga 'ya'yan shukar da ake yin yadin lilin da zarenta, da farar hodar dalma. Man yana shiga cikin katako ya bushe a hankali, fatar da yake yi kuma tana da danƙo, tana miƙewa idan katako ya kumbura, tana komawa idan ya motse. Idan ta tsufa, maimakon ta ɓare, sai ta riƙa zama gari tana zubewa kaɗan-kaɗan, mai gida ya ga alama ya sa a ƙara shafi. Gilashin ma da ƙullin alli da man linsid ake riƙe shi. A manyan rukunan gidajen haya na Landan, yarjejeniyar haya kan wajabta a sake fentin waje bayan 'yan shekaru ƙalilan, ko mai haya yana so ko ba ya so. Kuma da yake an haɗa tagar da hudu da turaku na katako, ana iya kwance ta, a yanke inda ya ruɓe, a dasa sabon guntu, a sauya igiya. Taga mai shekara 200 tana nufin zuriya takwas na masu fenti da kafintoci da babu wanda ya rubuta sunansu.

Dalmar ta yi aikinta, ta kuma yi kisa. Ta lalata lafiyar masu fenti da ma'aikatan da ke haɗa ta, ta shiga jinin yaran da ke wasa a ƙurar gida. Wanda ya tuna da yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar ƙarin bayani. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar taƙaita farin fentin dalma a 1921, amma sai a 1992 Birtaniya ta hana sayar wa jama'a shi, ta bar ƙofa ga wasu gine-ginen tarihi. Fentin da ya maye gurbinsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya fi saurin bushewa, ya fi ƙyalli, ya fi arha. Amma fatarsa tauri gare ta. Katako ya motsa, fenti ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, sauran fatar ta hana shi fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuma da ya shiga ba ya fita.

A haɗa wannan da katakon da aka yi amfani da shi a gaggawar sake gina gidaje bayan yaƙi: fayin da aka sare yana ƙarami, mai yawan farin gefe, an haɗa shi a masana'anta, an kafa shi a fuskar bango ba tare da kariya ba. Sakamakon shi ne ruɓewar da ta ɓata wa tagar katako suna, har 'yan kasuwar alminiyam da na roba suka shiga gida-gida a shekarun 1970 da 1980 suna cewa tasu ba ta son fenti har abada. An cire tsofaffin tagogi masu lafiya ba adadi an zubar a juji, an sa na roba waɗanda idan suka lalace ba a iya gyara su. Masu son katako kuwa suka ce maganin shi ne a koma ga itace mai tauri, kuma sunan da ya fi yawo a bakinsu sunan wani gari ne a jihar Delta.

Sapele tashar katako ce a bakin kogi, kusa da dazuzzukan tsohuwar masarautar Benin. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake fitar da mahogani daga wannan gaɓa zuwa Liverpool, kuma bayan Birtaniya ta ci Benin da yaƙi a 1897 aka raba wa kamfanoni dazuzzukan. Ana sare gungume, a ja shi zuwa rafi, a ɗaure shi da 'yan uwansa, a koro su bisa ruwa har Sapele. Daga cikinsu akwai wani dogon itace mai jan katako da ƙamshi, dangin maɗaci na nesa, wanda zarensa ke murɗewa hagu da dama yayin girma, har idan aka tsaga shi sai ya fito da ratsi-ratsi masu sheƙi. Masana suna kiransa Entandrophragma cylindricum, 'yan kasuwa kuwa suka sa masa sunan tashar da ya fito. A jure wa ruwa bai kai tik ko loko ba, kuma murɗewar zarensa kan sa ya karkace idan aka busar da shi da gaggawa. Amma yana da ƙarfi, yana karɓar fenti, ana samunsa dogo ba kulli, kuma ya fi mahogani na Amurka arha. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin African Timber and Plywood, reshen UAC, ya kafa babbar masana'antar katako da filawud a garin.

Ba za a ce Turawan mulki sun shiga dajin ba tsari ba. Shugaban gandun daji na farko a Kudancin Najeriya, H. N. Thompson, daga aikin daji na Burma ya zo, da koyarwar Brandis a kansa. An keɓe gandaye, waɗanda a ƙarshe suka kai kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar. A shekarun 1940 an tsara cewa duk kashin da aka sare ba za a dawo masa ba sai bayan shekara 100. An kuma ƙirƙiro wata dabara ta taimaka wa itatuwa masu tsada su yi tsiro: a sassare kurangar da ke naɗe su, a kashe itatuwan da kasuwa ba ta so da gubar arsenik domin rana ta shiga. A takarda abin ya yi kyau. A daji kuwa tsiron bai zo yadda aka lissafa ba, wasu itatuwan da aka sa wa guba daga baya kasuwa ta zo tana nemansu, aka watsar da dabarar a shekarun 1960. Ilimin da aka gina a kan dajin Jamus mai irin itace biyu ko uku ya gamu da daji mai ɗaruruwan iri, inda sapele ɗaya ke tsaye nesa da ɗan uwansa kuma yana buƙatar fiye da ƙarni guda kafin ya isa sara.

Abin da ya biyo baya ba za a ɗora wa Turawa shi ba. Bayan 'yancin kai, gwamnatocin yankuna da na jihohi sun ɗauki gandun daji a matsayin asusun da ake cira ba a zubawa. Aka rage wa'adin shekara 100 zuwa 50, daga baya aka ƙara ragewa. An hana fitar da gungume zuwa waje a 1976, amma kasuwar cikin gida ta zamanin kuɗin man fetur ta isa ta cinye abin da ya rage. An mayar da sassan gandaye gonakin roba da na kwakwar manja, wasu aka dasa musu tik da malaina. Guntun da ya tsira na wancan daji shi ne irin wanda ake karewa a gandun Okomu na jihar Edo.

A Turai kuwa tagar katako ta farfaɗo. Bayan taron muhalli na Rio a 1992 ya kasa samar da yarjejeniya mai ƙarfi kan dazuzzuka, aka kafa ƙungiyar FSC a 1993 domin ta riƙa ba da shaidar cewa an sare katako bisa ƙa'ida, kuma daga 2013 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa mai shigo da katako ya binciki halaccin tushensa. Shaidar tana da masu suka, kuma sukar tana da tushe, domin takarda tana tabbatar da cewa an bi tsarin sara, ba ta tabbatar da cewa sapelen da aka sare zai samu magaji ba. Fenti ma ya sauya: yanzu a masana'anta ake fesa irin wanda ke hana ruwa shiga amma yana barin tururi ya fita, wasu masu gyaran tsofaffin gidaje kuma sun koma ga man linsid ba tare da dalma ba. Akwai ma katakon Accoya, fayin mai saurin girma da ake dasawa a New Zealand, a kai shi Arnhem ta ƙasar Holan a jiƙa shi da wani sinadari dangin ruwan tsami na binega, har ya daina shan ruwa, funfuna ta kasa cinsa. Tun 2007 ake sayar da shi, kuma shi ne ƙoƙari mafi nisa na samun zuciyar tsohon itace ba tare da tsohon daji ba.

Duk da haka kafintocin Birtaniya ba su daina sapele ba, musamman a dokin taga na ƙasa, inda ruwa ke kwanciya. Ƙungiyar IUCN ta sa itacen cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazana. Yawancin wanda ke isa Turai a yau daga Kamaru da Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya yake fitowa, ta tashoshi irin su Douala, kuma a takardar kaya har yanzu sunan garin na jihar Delta ake rubutawa.